Hoton Ƙofar Gidan Alhaji

Gidan da ke cikin hoton nan ba namu ba ne. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk baƙon da ya shigo ɗakina ya hango shi a bango sai ya ce, "Ashe Hajiya tun asali ku 'yan gata ne." Gida ne na bulo mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ga farar Fijo a gefe. Mahaifina na tsaye ya dafa motar kamar yanzu ya sauko daga cikinta. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, tana sanye da atamfar maƙwabciyarmu. Ni kuma ga ni a gaba, 'yar shekara tara, na washe baki har kunne, sai ka ce ni na sayi simintin. In ka cire fuskokinmu, babu abin da yake namu a ciki.

Daga Dogon Marke, wani ƙauye a ƙasar Maradi, muka zo Jibiya a shekarar da fari ya kwashe dabbobi ya bar rumbuna fayau. Baba ya ɗauko mu da mahaifiyarsa, Kaka, don a rage bakin ci a gida, ya bar wansa, Baba Mamman, yana riƙe da gidan da gonar gado. Wannan gefen na iyaka kuwa a lokacin kuɗin man fetur sun buɗe wa mutane ido. Manyan motoci ba sa yankewa a bakin iyaka, wasu da siminti, wasu da gero, wasu da rediyo da kekuna. Rabon Baba a cikin wannan arziki shi ne ya ɗauke shi a ka. Ɗan dako ne a tasha. Gidanmu na gaskiya ɗaki biyu ne na laka da dangar zana, can bakin gari ta hanyar Gangara, inda in akuya ta ga dama sai ta shigo ba ta ƙofa ba.

A wancan zamani ya zama al'ada ga duk wanda ya ƙetaro ya aika hoto gida, don a san yana raye kuma bai wulaƙanta ba. Akwai wani Bayarabe a tasha mai akwatin hoto na ƙafa uku, yana cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya wanke maka hoton a bokiti kana tsaye. Da wani Alhaji a unguwar kasuwa ya tafi Makka, sai Baba ya roƙi mai gadin gidan, wanda shi ma mutumin ƙasarmu ne, ya bar mu mu tsaya a ƙofar. Ba na son a ɗauki Baba maƙaryaci. Kowane buhun siminti na ginin nan a kansa ya shiga, kuma ina jin a ransa yana ganin yana da ɗan haƙƙi a jikin bangon. Abin da yake so kawai kada a ce a Dogon Marke Idi ya bar gona ya je yana dako. Ya sa hoton a ambulan, ya ba Lawali, direban da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maradi, aka kai.

Kaka ce kaɗai ta ƙi zuwa. Cewa ta yi, "Ni ba ni tsayawa ƙohwar gidan da ban taɓa shan ruwa cikinai ba." Ko ba don haka ba ma, ba ta yarda da hoto ba. Ta ce akwatin da ke ɗauke mutum ya kuma bar shi tsaye, ita dai ba ta gane masa ba, kuma tsufanta ya wuce gwaji.

Sana'ar Kaka daddawar batso ce, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Dahuwarta ba ta gaggawa ba ce. Tun la'asar ake ɗora tukunyar, kuma har bayan isha'i wutar na ci, ana ƙara ruwa ana tura itace. Don haka murhun Kaka ya zama dandalinmu, ni da yaran maƙwabta. Warin ba daɗi, amma wa ya damu? Ana gama cin tuwo sai mu kewaye ta, mu miƙa tafin ƙafa ga wuta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Muciya take bugawa a bakin tukunya sau biyu ta ce, "Ga wata baƙuwa can tahe." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, mun shimfiɗa mata." Tana da tsokana. Ni "Hajo mai bakin tsuntsu" take ce mini, wai ba a gama magana ban tsoma baki ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai abu ɗaya game da ita da dole in bayyana wa yaran yanzu, in ba haka ba ba za su gane sauran labarin ba. Baba Mamman shi ne ɗanta na fari. A tarbiyyar su Kaka, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Alkunya ke nan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zama dole sai ta ce "na can." In ana hirarsa sai ta tashi ta kama wani aiki. Ni da wautar ƙuruciya na ɗauka ba ta son sa ne, har tausayinsa nake ji.

Wata ranar Litinin, kusan wata biyu bayan tafiyar hoton, Lawali ya yi sallama a ƙofarmu gab da magariba. Bai zauna ba. Ina tsakar gida ina jin su shi da Baba ta jikin zana.

"Malam Idi, saƙo na zaka da shi daga yayanka. Ya ce ya ga gida, ya gode wa Allah da ya rama maka. Ya ce tunda abin haka ne, shi ma ya gaji da jiran ruwa. Zai sai da gona da gidan, shi taho da iyali duka."

Baba ya ce, "Wace gona?"

"Gona nawa gare ku? Ta gindin marke. Wani ɗan kasuwa na Maradi zai saye. Ran Juma'a, in an sauko masallaci, za a shaida gaban mai gari."

Gonar nan ita ce duk abin da kakanmu ya bari. Kabarinsa ma yana gefenta. Kuma ko ni da nake yarinya na san ƙasar da ta shiga hannun ɗan kasuwa a gaban shaidu ba ta dawowa. Mutum goma sha ɗaya ne a gidan Baba Mamman. Na dubi ɗakunanmu biyu, na dubi dangar da akuya ta huda. Kaka na gindin murhu, ta ji komai. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Itace kawai ta gyara.

Baba bai ci tuwo ba ranar. Ya kifa turmi can gefe inda hasken wuta bai kai sosai ba, ya zauna yana kwance gammonsa yana sake naɗewa. Babban mutum ba ya zaman tatsuniya, don haka duk muka yi kamar ba mu gan shi ba. Yara suka taru. Kaka ta buga muciya.

Ta ce an yi wasu kurege biyu, wa da ƙane, a ramin da ubansu ya haƙa da farcensa. Yunwa ta zo. Ƙanen ya ƙetare rafi neman abinci, ya samu wani manomi mai rumbu kamar bishiyar kuka don girma. Ba shi da iko da rumbun. Tsabar da ta zube a ƙasa yake tsinta, ya kwana a ƙarƙashin wata fasasshiyar sakaina a bayansa. Wata rana hankaka zai ƙetare rafi, sai ƙanen ya yi maza ya haye gindin rumbu, ya karkaɗe wutsiya, ya ce, "Hankaka, ba na ce ka faɗi komai ba. Abin da idonka ya gani shi za ka kai wa yayana." Hankaka kuwa ba ya ƙarya. Ya je ya ce ya ga ƙanen a zaune gindin rumbu, wutsiya a tashe. Wan ya yi murna. Dama akwai wani maciji da ya daɗe yana zagaya ramin yana yaba sanyinsa. Sai wan ya ce masa, "Nan da kwana huɗu ka zo ka shiga, ni na yi gaba."

Nan Kaka ta sassauta murya. "Kun san ramin da maciji ya shiga?"

Muka ce, "A'a."

"Ba shi komawa ga mai shi. Ko macijin ya mutu, warinai na nan."

Sai ta ɗauki muciya ta shiga juya tukunya. Muka jira. Ba ta ƙara ba. Yara suka fara guna-guni, domin a wurinmu tatsuniyar da ba a rufe ba tana bin mutum har shimfiɗa. Ni kuwa bakin tsuntsun ya motsa.

"Kaka, to ina uwarsu? Ba ta hana shi ba?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi, kallon da har yau ban manta ba. Ta ce, "Uwarsu na nan. Ba ta da baki cikin wanga labari." Ta sallami yara, ta ce baƙuwar ta gaji, ta kwana nan.

Washegari da sassafe Baba ya tari Lawali a tasha. Da ya faɗi gaskiya tsirara tun ranar, wataƙila da abin ya zo da sauƙi, ko da yake ban tabbata ba. Amma kunya mugun ciwo ce. Cewa ya yi a gaya wa yayansa ya dakata tukuna, gidan ya cika da baƙi, babu wuri. Wato ya ɗora wa ƙaryar farko ɗaki na biyu.

Ran Laraba da yamma Lawali ya dawo, fuskarsa ba walwala. Wannan karon Baba bai tsaya a waje ba, ya shigo da shi har tsakar gida, don babu sauran abin ɓoyewa.

"Ya ce mi?"

Lawali ya sosa ƙeya. "Malam Idi, ni ɗan aike ne."

"Hwaɗi."

"Ya ce ya ƙidaya tagogin gidan, shida ne. Ya ce ko zaure ka ba shi ya ishe shi. Ya ce in rowa ce ka hito hili ka ce rowa ce. Kuma ya ce Inna ba taka ba ce kai ɗai." Ya numfasa. "Wallahi da na ga abin ya yi nisa, ni da kaina na ce mai, Malam Mamman, ƙanenka dako yake a tasha, da idona nake ganinai kullum. Sai ya hiddo hoton daga aljihu ya sa mani a ido. Ya ce kun haɗa baki ne. Ya ce gani ya kori ji."

Iya ta shige ɗaki tana share ido da bakin zane. Baba ya tsaya tsakiyar gida hannuwa a sake, kamar wanda aka sauke wa kaya bai san inda zai nufa ba. Saura kwana biyu. Ni ma tsoro ya kama ni, har da jin laifi, domin na fi kowa murna da hoton nan, na kuma fi kowa buɗe haƙora.

Da yara suka taru, Kaka ba ta buga muciya ba. Cewa kawai ta yi, "Baƙuwarmu ta shekaranjiya ta tashi." Ta ce ƙanen kurege ya ji abin da ake ciki. Ya sake kiran hankaka ya ce, "Je ka ce wa yayana kada ya zo." Hankaka ya kai. Wan ya ce, "Kai da bakinka ka ce mini ka ga rumbu. Yanzu rumbun ya narke ne?" Ya juya ya shiga fitar da 'yan komatsansa daga rami. Maciji kuwa ya riga ya iso. Ya naɗe a bakin ramin, ya ɗora haɓa a kan ƙasa, yana jira, ko ƙiftawa ba ya yi.

Wata yarinya a cikinmu ta matso jikina. Itacen ya yi ƙara a wuta duk muka zabura. Kaka ta ce, a hankali, ba mu take kallo ba, tukunya take kallo, "Abin da ido ya ƙulla, baki ba shi kwance shi."

Sai muka ji murya daga inda turmi yake. Murya ce ta babban mutum, amma ta yi ƙanƙanta.

"To, Inna, ƙanen ya zai yi?"

Ba a taɓa yi ba. Yara suka waiwaya baki buɗe. Kaka ta ɗauki lokaci tana tura itace.

"Idi, da gemunka kake tambaya cikin tatsuniya?" Ta karkaɗe hannu. "Ni ban sani ba. Amma hankaka bai mutu ba, kuma idonai biyu na nan. Gaban rumbu kaɗai aka nuna mai."

Nan ma ta bar ta a buɗe.

Ran Alhamis da hantsi na ga abin da ban taɓa zato ba. Baba ya shigo unguwa ɗauke da akwatin mai hoto a kansa, Bayaraben na biye da shi da bokiti. Kafin a kafa ƙafafun akwatin, unguwa ta cika. Mata na leƙe ta kan danga, yara sun yi da'ira, har wasu abokan aikin Baba sun biyo shi daga tasha don ganin ƙwaƙwaf. Mai hoton ya dubi dangarmu, ya dubi Baba, ya gane shi.

"Ah, Alaji! Ina mota? Yau ba mota?"

Aka kwashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya shiga ɗaki ya tuɓe rigarsa mai kyau, ya fito da ta aiki, wadda siminti ya cinye wa kafaɗa, ya ɗora gammo a ka. Ya tsaya daidai inda akuya ta huda zana. Iya ta fito da zanenta na kullum. Ni kuwa na sa kuka, wai sai an aro mini riga. Iya ta murɗe mini kunne ta ce in ban rufe baki ba za a ɗauke ni ina hawaye a kai wa dangi, shi ya sa a wancan hoton ba a ga haƙorina ko ɗaya ba.

Mai hoto ya cusa kai cikin ƙyalle ke nan sai muka ji jan tabarma. Kaka ce. Ta fito tana dogara muciya, ta shimfiɗa tabarmar a gabanmu, ta zauna tsakiya, ta gyara kallabi. Dariyar mutane ta ɗauke. Kowa a unguwar ya san ra'ayinta game da akwatin nan.

Baba ya ce, "Inna, ba dole sai da ke ba."

Ba ta kula shi ba. Mai hoton ta yi wa magana. "Kai, yaro. In mutum ya riƙa abin ga hannunai, can nesa, zai gane huskata?"

Ya ce, "Mama, har layin goshi za a gani."

Ta ce, "To ɗauka." Ta ɗago kai ta dubi akwatin nan ido cikin ido.

Hoton bai gama bushewa ba Baba ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a ƙirji, ya bi motar Lawali. Mun zaci shi ke nan. Amma da la'asar wani mai jaki da ya fito daga bakin iyaka ya tsaya ƙofarmu ya ce 'yan duwan, wato 'yan kwastan na can gefen, sun tsare motar Lawali kan takardun kaya, an ce sai babbansu ya dawo, ba a san yaushe ba. Iya ta tambaye shi Baba fa. Ya ce ya dai ga fasinjoji zaune a gindin bishiya, jandarma na duba takardun mutane, amma bai ga Malam Idi a cikinsu ba. Baba kuwa ba shi da takarda ko ɗaya, ta nan ko ta can.

Daren ranar, da yara suka zo, Kaka ta ce su koma, baƙuwa ba ta jin daɗi. Muka zauna mu uku a bakin wuta. Duk motar da ta yi ƙugi daga nesa sai Iya ta miƙe ta sake zama.

Ran Juma'a na fi tunawa. Kaka ta ɗora tukunya da wuri, abin da ba ta saba ba, ina jin don hannunta ya samu abin yi. Da aka yi kiran sallar Juma'a sai muciyar ta tsaya. Ta zauna ta zuba wa arewa ido, ta kan danga, inda babu abin gani sai sama. Aka idar da salla, muka ji hayaniyar masu dawowa, ba ta motsa ba. Ƙauri ne ya fargar da Iya. Ruwan tukunyar ya ƙone ƙurmus, 'ya'yan yakuwar sun kama. Tun da nake ban taɓa ganin girki ya ƙone a hannun Kaka ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Sai ran Asabar bayan magariba Baba ya shigo, yana taka ƙasa da ƙyar, ƙafafunsa sun kumbura. Ashe da ya ga motar ba za ta tashi ba, zamewa ya yi ya bi hanyar masu jakuna ta daji, ya yi ta tafiya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a amalanke. Iya ta kawo ruwa. Ya zauna kusa da murhu, wannan karon cikin haske. Duk muka zuba masa ido. Wadda ta fi kowa son ji kuwa ita ce ba ta da ikon tambaya. Na ga leɓenta na motsi. Can ta ce, kamar mai zancen banza:

"Marken ga na gindin gona, yana tsaye?"

Baba ya ce, "Yana tsaye, Inna. Gona na nan. Tamu ce."

Ta ce, "To." Ta sunkuya tana hura wutar da ke ci sarai, ta daɗe tana hurawa, sannan ta ce hayaƙin itacen nan ya cika shiga ido.

Iya ce Baba ya ba labarin, amma da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya isa an riga an sauko daga masallaci. Mai gari na zaune, ɗan kasuwa na zaune, shaidu sun hallara, ga goro a faifai. Bai samu damar jan yayansa gefe ba. A gaban kowa ya kwance ƙyallen ya miƙa. Hoton ya bi hannu-hannu, wani ya tuntsire da dariya ya ce ina Fijo. Baba Mamman ya karɓa ya daɗe yana kallo. Bai ce komai kan danga ba, bai ce komai kan gammo ba. Yatsa ya ɗora a tsakiya ya ce, "Wagga Inna ce?" Baba ya ce ita ce. Baba Mamman ya ce, "Ita da ba ta yarda da hoto?" Ya sake dubawa ya ce, "Haka ta koma?" Sai ya ja hannun riga ya rufe fuska. Da ya buɗe, ya ba ɗan kasuwa haƙuri ya ce ya fasa.

Ba a tashi lafiya lau ba. Ɗan kasuwar ya yi faɗa son ransa. Jakin Baba Mamman da tumakinsa biyu da ya riga ya sayar don guzuri ba su dawo ba, kuma ya yi shekara biyu ba ya sakar wa Baba fuska. A Dogon Marke kuwa sunan Baba ya koma Alhaji Fijo har ya bar duniya, kuma yana amsawa. Hoton farko Baba Mamman ya mayar masa ya ce a kai wa mai gidan abinsa. Na biyun ya sa a aljihu.

A daren Asabar ɗin yara suka dawo, Kaka ta rufe tatsuniyarta a gurguje, kamar mai son rabuwa da ita. Ƙanen ya kai hankaka bayan rumbu ya nuna masa sakainar da yake kwana a ciki. Hankaka ya kai labari. Da maciji ya miƙa kai zai shiga, ya tarar wan ya toshe bakin rami da jikinsa. Ta buga muciya sau ɗaya ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarma, ko kusu ya tahi shi kwanta."

Na ce, "Kaka, uwar fa? Ta samu baki?"

"Ba ta samu ba, mai bakin tsuntsu." Ta ja hancina. "Amma hankaka ya gan ta."

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar nan kan ƙarya take, wai kada mutum ya yi ado da kayan aro. Haka ma na riƙa ba 'ya'yana ita, har da ɗan wa'azi a ƙarshe. Na tuna da lokacin girbi ya zagayo Baba Mamman ya zo Jibiya ganin mahaifiyarsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaisuwa, ita kuwa ta kau da kai ta tambayi Iya ko an ba baƙo ruwa. Har ta rasu ba ta kira sunansa ba.

Sai da shi ma ya rasu, na je Dogon Marke ta'aziyya da furfurata, 'yarsa ta buɗe adakarsa ta nuna mini hoton nan na biyu. Danga na nan. Baba na nan da gammonsa. Ni ma ga ni na kumbura baki. Amma a tsakiya, inda fuskar Kaka take, takardar ta goge ta yi fari, daidai faɗin babban yatsa. 'Yar ta ce kusan kullum sai ya fito da shi bayan asuba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Kaka. Ashe duk daren nan uku ba tarbiyya take mana ba. Roƙo take yi, ta hanyar da aka bar mata. Ban nemi a ba ni hoton ba. Ba ni aka aika wa ba.

Na farkon ne ya zo hannuna, shi ne a bango, kuma na bar shi don ya riƙa tuna mini. Nawa ɗan farin yanzu yana can wata ƙasa mai nisa. Yakan turo mini hotuna a waya, yana tsaye gaban dogayen gine-gine da motoci masu sheƙi. Ƙannensa su yi ta murna suna cewa yaya ya samu duniya. Ni ba na tambaya ko na wane ne. Nakan bari sai sun watse, in sa tabarau, in ja hoton da yatsa biyu har ginin ya fita daga ciki. Wuyansa nake dubawa, in ga ko ya rame.